Shaidar Sallau Mai Ruwan Lagireto

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah da ake kira Sallau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba kuma ɗan sarauta ba. Da za ku haɗu da shi a hanya ba za ku waiwaya ba. Gajere ne siriri, rigarsa ta fita guda ɗaya ce, ita ma baƙin mai ya ɓata gabanta. Amma labarinsa zan ba ku yau, kuma ku saurara da kyau, don na ga yawancinku a tasha kuke neman abinci, da direba da bakanike da mai rumfa. Labarin gidanku ne. Ku na baya ku matso, akwai wuri a tabarma. Mai shayi, don girman Allah rage mana rediyon nan.

Garin yana bakin babbar hanya. Da ka fita daga cikinsa sai dogon daji da hawa, irin hawan da mota ke nishi a kansa kamar jakin da aka labta wa kaya. Saboda haka duk direba mai hankali yakan tsaya a tashar garin ya duba ruwan motarsa kafin ya kama hanya. A tashar nan Sallau yake da 'yar rumfarsa, yana sayar da ruwan lagireto. Wanda bai sani ba, lagireto shi ne tankin nan na gaban mota mai sanyaya inji, kuma akwai ruwa na musamman da ake zuba masa, mai launi, wanda ba ya saurin tafasa, ba ya kuma barin tsatsa ta ci ƙarfe. Shi yake sayarwa. In kuma lagireton mutum ya toshe, ya kwance ya wanke masa. Da wannan rumfa yake ci da kansa da matarsa Tabawa da 'ya'yansu, ba shi da wata hanya bayanta.

To direbobin garin nan suna da wata al'ada. Launi suke saye. Mutum zai yi fakin, ya fito yana kaɗa makulli, ya ce, "Sallau, ba ni ja."

Sallau ya ce, "Wane iri ne a cikin motar?"

"Ina ruwanka da na ciki? Ja nake so. Ja ya fi ƙarfi."

Wani kuma ya zo ya ce shi kore yake so, kore ya fi sanyi, ba a ga ganye ba? Dariya kuke yi? Wallahi akwai masu faɗin haka a sahun nan, ina ganinsu, sun sunkuyar da kai.

Sai Sallau ya zaunar da mutum a benci ya ce masa, "Ɗan'uwa, launi ba ya sanyaya inji. Rini ne kawai aka sa. Kowace mota akwai irin ruwan da maƙeranta suka ce a zuba mata, kuma abin da ke cikin galan yana rubuce a jikinsa, shi ake dubawa. Sannan ba a gauraya iri biyu. Ka zuba wani a kan wani, sai ya iya yin kauri kamar kunu ya toshe maka hanyar ruwa. In sauyawa za ka yi, a bari inji ya huce, a zubar da tsohon, a wanke, sannan a zuba sabo."

In ya duba ya ga ba shi da irin na motarka, sai ya ce maka ba shi da shi. Ga kuɗi a hannunka, ga galan-galan a jere a gabansa, amma ya ce, "Naka babu. Ka tambaya a gari na gaba." Maƙwabtansa su yi ta yi masa tsiya, suna cewa Sallau ba kasuwa ya zo ci ba, wa'azi ya zo yi. Shi dai ya yi murmushi ya ci gaba da goge galan ɗinsa.

Yanzu ku saurara, ga inda maganar take. A tashar nan akwai wani babban mutum, Alhaji Nomau, shugaban masu rumfuna. Shi yake raba wuri, shi yake karɓewa, in rigima ta tashi a gabansa ake zama. Kuma ba zan ci amanarsa ba ko da ba ya nan: Alhaji Nomau ya yi wa Sallau alheri. Shekarar da ambaliya ta cinye gonar Sallau ya shigo gari ba shi da ko tabarma, Alhaji ne ya gan shi yana dako, ya kira shi, ya nuna masa rumfa ya ce ya zauna. Sallau bai taɓa mantawa ba. Kullum da safe sai ya je ya durƙusa ya gaishe shi kafin ya buɗe kaya.

Alhaji Nomau mutum ne mai ido. Ya lura direbobi launi suke saye, sai ya ce to, a ba su launi. A bayan babban shagonsa akwai rijiya. Ya sa aka kewaye wurin da zana, aka kawo duro, aka riƙa jan ruwa ana zubawa, a barbaɗa jar garura a gauraya. A tara tsofaffin galan, a wanke bayansu su yi ƙyalli, a ɗura, a rufe, a jera a gaban shago. Ja wur, gwanin sha'awa, ga araha. Ruwan rijiya fa, jama'a, da garura! Sauran masu rumfa suka ga ana samu, suka riƙa sara daga wurinsa. Duk mai rumfa a tashar ya san abin da ke bayan zanar nan. Direbobi ne ba su sani ba.

Kada wani ya ce ai ruwa ruwa ne. Kun taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi? Kun ga farin abin nan da ke daskarewa a gindinta? To shi ruwan rijiya yake bari a cikin inji, ga tsatsa a kai. Ba rana ɗaya yake kisa ba. A hankali yake ci, a hankali yake toshewa, sai ranar da kake tsakiyar daji da fasinja cike da mota, sannan ya nuna maka halinsa.

An yi wa Sallau tayi ya ƙi. Bai tsaya nan ba, ya sami Alhaji shi kaɗai, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan abu zai cuci bayin Allah, ina ma a bari." Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sallau ke nan. Je ka ci gaba da limanci." Ya sake komawa, aka sake yi masa dariya. Daga nan duk direban da ya tambaye shi, yakan ce masa ya ɗiga ruwan a yatsa ya murza, na gaske yana da santsi. Amma wa yake tambaya? Ga ja, ga araha, ga babban shago.

Ana nan, ana nan. Akwai wata mata a garin, Hajiya Yalwa, mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Ta sayar da gonar da ya bari ta sayi bas ta haya, ta damƙa wa wani direba mai suna Cindo. Cindo yana tattalin motar nan kamar ƙwai. Ruwan lagireto kuwa ba ya saye sai a shagon Alhaji, yana ganin babban shago ba zai sayar da na banza ba. Yakan wuce ta gaban rumfar Sallau da jan galan a hannu, ko kallon inda yake ba ya yi.

Ran nan yana tsakiyar hawa, mota ta yi zafi, ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe gaban mota. Kafin ya gangara gefe inji ya ƙone. Aka jawo motar da igiya zuwa tasha. Aka kira Sallau ya kwance lagireto, tun da aikinsa ne. Da ya buɗe, abin da ya zubo ba kyan gani, tsatsa ce da laka.

Hajiya Yalwa ta zo ta gani da idonta. Ta juya ta dubi Cindo ta ce, "Cindo, ni za ka yi wa haka? Ina ba ka kuɗin ruwa mai kyau, kana sawa a aljihu, kana ɗura wa motar marayu ruwan rijiya?"

Cindo ya ce, "Hajiya, wallahi tallahi ban taɓa ba. Ga ma ragowar galan ɗin a bayan mota."

Ta ce ba ta san wannan ba, sai ta kai shi wurin 'yan sanda. Kun san kuma abin da hakan yake nufi ga direba. Wanda aka ce ya ci amanar marayu, wa zai sake miƙa masa makulli? Manya suka ba ta haƙuri, aka ce a fara zama a tasha bayan sallar azahar, a gaban shugaba. A gaban wa ke nan? A gaban Alhaji Nomau. An kai wa kura ajiyar nama.

Da hantsi sai ga Alhaji da kansa a rumfar Sallau. Tun da ya ba shi wurin bai taɓa zama a bencinsa ba sai ranar. Sallau ya miƙe, ya kakkaɓe masa benci da hularsa, ya tsuguna a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Sallau, kai ka buɗe lagireton nan, za a iya tambayarka. Ban ce ka yi ƙarya ba. Ni ba na sa mutum ƙarya. Abin da ka gani a ciki ka faɗa, tsatsa ce da laka. In an ce daga ina ruwan ya fito, ka ce ba ka sani ba. Shi ke nan."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na sani."

"Na san ka sani. Cewa na yi ka ce ba ka sani ba."

"To ai ita ce ƙaryar, Alhaji."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Can ya ce, "Wa ya ba ka rumfar nan?"

"Kai ne. Allah ya saka maka da alheri."

"To wanda ya bayar, ya san hanyar karɓa." Ya tashi ya kaɗa babbar rigarsa ya tafi.

Ku saurara, kada ku ɗauka Sallau dutse ne. Ya dubi rumfar nan, ya dubi kwanon rufin da ya saya ɗaya bayan ɗaya, ya dubi 'yan kayansa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Duk wanda ya ce maka mai gaskiya ba ya jin tsoro, bai taɓa faɗin gaskiya a inda take da tsada ba.

Da rana ta take sai ga Tabawa ta kawo masa abinci. Ta ga fuskarsa ta ce, "Malam, lafiya?" Ya kwashe duka ya gaya mata. Ta ajiye kwano, ta zauna a bakin benci.

Ta ce, "Malam, yara fa? In aka kore mu a nan ina za mu dosa? Gonar ma babu."

Ya ce, "Cindo ma yana da yara."

"Wane Cindon? Wanda yake wucewa ta gabanka ko sallama babu? Shi za ka zubar da tukunyarmu a kansa? Masu rumfa cike da tasha, kowa ya san abin da ka sani. Me ya sa sai kai?"

Ya ce, "In an tambaye su, su suka san abin da za su ce. Ni in ba a tambaye ni ba, ban sani ba ko zan iya tashi da kaina, ina roƙon Allah ya ba ni iko. Amma in aka kira sunana, Tabawa, bakina ba zai iya cewa ban sani ba."

Ta share hawaye da bakin mayafi. Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri." Ta ƙi tafiya gida, ta koma gefen masu sayar da abinci ta zauna. Abincin kuwa ko buɗe shi bai yi ba.

Aka idar da azahar, aka taru a gaban babban shago. Alhaji a kan kujera, Hajiya Yalwa a gefe a kan tabarma, Cindo a tsaye da jan galan a hannu. Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan shagon nake saye. Ban taɓa saye a wani wuri ba."

Alhaji ya ce, "Galan ɗin irin namu ne. Amma galan ai ba ya magana. Ka saya sau ɗaya, ka riƙa ɗura abin da ka ga dama a ciki. Ko ni kake zargi, Cindo?"

Hajiya ta dubi masu rumfa da suka yi cincirindo ta ce, "Bayin Allah, a cikinku babu wanda ya san gaskiyar maganar nan?"

Tsit. Wallahi tsit. Wannan ya dubi ƙasa, wancan ya tuna yana da tari, wani ya ciro carbi ya hau ja da sauri. Carbi fa! Mutanen da yanzun nan suka fito daga masallaci, goshinsu da ƙasa. Abin nan yana ƙona mini rai duk lokacin da na zo wurin nan a labarin.

Sai idon Hajiya ya faɗa kan Sallau can baya. Ta ce, "Kai ne ka buɗe motar. Marigayi mijina yakan ce ba ka ƙarya. Na haɗa ka da Allah, wannan ruwa daga ina?"

Sallau ya tako gaba. Ya ce, "Hajiya, Cindo bai ci amanarki ba. Abin da ke cikin galan ɗin nan ruwan rijiya ne da jar garura, kuma a haka aka sayar masa. A bayan zanar can ake haɗawa."

Wuri ya kaure. Alhaji ya miƙe tsaye har kujera ta kife, ya ce, "Butulu! Ni za ka tona? Na tsince ka kana dako, ba ka da ko takalmi!"

Sallau ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ka tsince ni ba ni da takalmi, kuma har in mutu ba zan musa ba."

"Hassada ce! Ya ga ba a saye a wurinsa!"

Sallau ya ce, "To ga motarka can a inuwa, Alhaji. A buɗe a gani ko jan nan ne a cikinta. Kai kanka ba ka zuba shi. Wurina kake aikowa a saya maka."

Allahu Akbar. Kun ji? Mai dafa abincin ba ya ci. Hajiya Yalwa ba ta jira kowa ba, ta tashi ta nufi bayan shago, ta sa hannu ta yaye zana. Ga duro, ga guga, ga tarin galan, ƙasar wurin ta yi ja kamar mayanka.

Alhaji ya nuna Sallau da yatsa, ya ce, "Kafin la'asar ka kwashe tsummokaranka daga rumfata."

Sallau ya ce, "Rumfa taka ce, Alhaji. Kai ka ba ni, kana da ikon karɓa, ba zan yi jayayya da kai ba. Amma harshen nan ba kai ka ba ni ba. Wanda ya ba ni shi zai tambaye ni abin da na yi da shi yau."

To, na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce muku nan take aka tuɓe Alhaji, aka ɗora Sallau a kujerarsa, ko wani attajiri ya ji labari ya ba shi shago mai hawa biyu. Kun saba da irin wannan labari, mai zaƙi, ku ji ku yi hamdala ku koma gida. Ni ba zan yi muku ƙarya a kan mutumin da ya ƙi yin ƙarya ba. Babu ko ɗaya da ya faru. Hajiya ta roƙi Cindo gafara a gaban jama'a. Alhaji ya lallaɓa ya gyara mata inji, maganar ta mutu. Ya ci gaba da shugabancinsa, duro kuma aka mayar da shi cikin gida. Kafin la'asar kayan Sallau suna waje a rana, kuma cikin masu rumfar nan babu wanda ya ce uffan.

Ya ari baro ya loda galan-galan ɗinsa. Ya juya zai bi ta bayan tasha, ta lungu, don kada a yi ta kallonsu. Sai Tabawa ta zo ta ɗauki benci ta ɗora a ka. Ta ce, "Malam, ina za ka? Ta tsakiyar tasha za mu bi. Ba sata muka yi ba." Matar da ɗazu take kuka! Ta shiga gaba, yana biye da ita da baro, suka ratsa ta gaban babban shago, ta gaban Alhaji, ta gaban kowa. Ba su yi sauri ba, ba su kuma sunkuyar da kai ba.

Ya je can bakin titi bayan tasha, inda ikon Alhaji bai kai ba, ya ajiye baro. Babu inuwa, babu rufi. Alhaji kuma ya sa doka, duk direban tashar da aka gani ya tsaya wurin Sallau ya rasa layinsa na lodi. Sai baƙin direbobi masu wucewa ne suke ɗan tsayawa. Ciniki ya ja baya, tukunyar gidan ta ragu, har Tabawa ta fara ƙosai a ƙofar gida.

Cindo fa? Cindo ya koma kan motarsa. Kullum sai ya wuce ta gaban Sallau da fasinja. Ya danna oda, ya ɗaga hannu, ya wuce. Bai taɓa tsayawa ba, yana tsoron layinsa. Wani mai faci da ke kusa da wurin ya kasa haƙuri ya ce, "Sallau, ka ga wanda ka rasa rumfa dominsa? Ko ruwan sha bai taɓa miƙo maka ba."

Sallau ya ce, "Da don Cindo na yi, da na yi asara. Bar shi, yana da iyali."

Damina ta shigo. Ran nan ana tsuga ruwa da rana tsaka, Sallau yana tsugune ya lulluɓa leda, ya rufe kayansa da buhu, sai ga mota ta tsaya. Alhaji Nomau ne. Ya sauke gilashi ya dube shi, kuma ina jin har ga Allah ya ji tausayinsa, don shi ma mutum ne.

Ya ce, "Sallau, dubi yadda ka koma. Rumfarka tana nan a rufe, ban ba kowa ba. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka tsaya a gaban mutane ka ce ka yi kuskure, ba ka tabbatar ba ka yi magana. Ba na son komai bayan wannan. Ka koma inuwarka."

Ku tsaya ku auna. Cindo ya riga ya kuɓuta. Hajiya an gyara mata mota. Babu wanda za a ɗaure, magana ta wuce. 'Yar kalma ce zai faɗa yara su ƙoshi. Wannan jarrabawa ta fi ta farko wuya, don yanzu Shaiɗan yana da hujja a hannu, yana cewa wa za ka cuta? Da ni da ku, mutum nawa ne ba za su shiga motar nan ba?

Sallau ya miƙe, ruwa yana zuba daga gemunsa. Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Amma in na ce na yi kuskure, jan ruwan nan ya zama na gaske ke nan, kuma da bakina. Gobe wani direban zai saya saboda Sallau ya wanke shi. Ka kifar da duron nan, Alhaji, ni kuma in zo in durƙusa a gaban kowa in nemi gafarar ɗaga maka murya. Wannan zan iya. Waccan kuwa, ko tashar duka za ka ba ni."

Alhaji ya ɗaga gilashi ya ja motarsa. Washegari aka ba wani rumfar.

Sallau bai sake samun rumfa ba. A bakin titin nan ya tsufa, da baronsa da bencinsa, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, har Allah ya karɓi abinsa. Bai bar wa 'ya'yansa gida ba, bai bar musu gona ba. Kuma ba a taɓa jin ya ce da na sani ba.

To jama'a, ga darasin, ba zan nannaɗe muku shi ba. Allah ya hana ɓoye shaida. "Ban sani ba" a bakin wanda ya sani ƙarya ce, ko da ya faɗe ta da carbi a hannu. Kuma alherin da mutum ya yi maka, ka gode masa, ka yi masa biyayya, ka yi masa addu'a har ka mutu, amma bai sayi shaidarka ba. Sannan gaskiya ba jari ba ce da za ka zuba yau ka kwashi riba gobe. Wani lokaci ka faɗe ta ka kwana da yunwa, wanda ka ceta ma ya wuce ka yana danna oda. Ka faɗe ta a hakan. Wanda ka yi dominsa ba ya mantuwa, kuma ba a tasha yake biya ba.

Ku direbobi, ku daina sayen launi, ku nemi irin ruwan da ya dace da motarku, rayukan mutane kuke ɗauka. Kai bakanike da kake cire sabon kaya ka mayar da tsoho, da kai mai rumfa da ka san abin da ke cikin galan ɗinka, da kai da ba ka sayarwa amma ka sani ka yi shiru, da ku nake. Kada ku waiwaya kuna neman wani, babu kowa a bayanku sai bango. In kun ji haushina, ku ji. Na gwammace ku ji haushina yau da ku riƙe mini wuya ranar da babu shugaban tasha da zai kashe magana.

Allah ya jiƙan Sallau, ya ba mu ko kaɗan daga irin zuciyarsa. Lokacin salla ya yi, a je a yi alwala. Wanda kuma ya san yana da duro a bayan zana, ya fara zuwa ya kifar da shi. Ba za mu tada iƙama ba sai ya dawo.